Sharhi a kan garejin da ya gano abin da ke sa Hilux ɗina karkarwa

Motata a-kori-kura ce ƙirar Toyota Hilux ta 2012, mai injin fetur na lita 2.7 da silinda huɗu, kuma da ita nake jigilar taki da masara tsakanin Kaduna da Saminaka. Tun ƙarshen hunturun bana ta fara wata ɗabi'a da ta hana ni sukuni. Muddin tana gudu a kan hanya ba a jin komai, amma da zarar na tsaya a cunkoson Kawo na bar ta a silo, wato inji na aiki ba tare da an taka totur ba, sai sitiyari ya kama rawa, madubin gefe ya riƙa kaɗawa, allurar da ke nuna juyin inji ta sauka daga wajen 700 zuwa 500 kamar za ta mutu. Idan na kunna na'urar sanyaya mota abin sai ya ƙaru. Daga baya fitilar gargaɗin inji ta kama, wani lokaci ma tana ƙyaftawa.

Kafin in je garejin da nake wannan sharhi a kansa, wurare biyu na kai ta. A na farko an sauya fulogi huɗu, a na biyu an wanke nozul, sannan aka ce mini ringi ne ya ci, sai an sauke inji. Maganar sauke inji ita ta sa na ja da baya, domin babu wanda ya auna komai kafin ya faɗe ta. Wani abokin sana'a ne ya kwatanta mini wani gareji a Kurmin Mashi inda ake binciken mota da kwamfuta.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai garejin bai ɗauki sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya so ya san ko karkarwar ta fi yawa da safe ko bayan inji ya yi zafi, ko tana ɓacewa idan na taka totur, da kuma lokacin da na sauya matatar iska. Sannan ya jona na'urarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta fitar da lamba P0302. Ya ce, “Alhaji, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, wadda fetur ba ya ƙonewa a cikinta yadda ya kamata, wato ta biyu. Sai dai na'ura ta nuna mana ɗakin da matsala take ne kawai, ba ta faɗi ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul ba.”

Yadda ya rarrabe su shi ne abin da na fi yaba masa. Wannan inji kowace silinda da koyil ɗinta a kan fulogi, shi ne ke tura wa fulogin wuta, saboda haka ya cire na silinda ta biyu ya musanya shi da na ta uku, ya goge lambar, ya tayar da mota muka zagaya. Da muka dawo lambar ta koma P0303. Matsalar ta bi koyil ta sauya ɗaki, ke nan fulogi da nozul ba su da laifi, kuma ban sayi ko da ƙusa ba kafin a tabbatar da hakan. Ya nuna mini robar koyil ɗin, ga ɗan tsagu da farin tabo a inda wuta ke zurarewa ta bi jikin ƙarfe maimakon ta isa bakin fulogi. Ya kuma ja mini kunne a kan ƙyaftawar fitilar nan, cewa fetur ɗin da bai ƙone ba yana wucewa cikin salansa ya ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na koyil sau da yawa.

Don ya kawar mini da fargabar ringi, ya auna matsin kowace silinda, duka huɗun suka tsaya kusa da 170 a ma'auninsa, babu wadda ta yi nisa da 'yar'uwarta. Inji lafiyarsa ƙalau.

Na sayo sabon koyil ƙirar Denso aka ɗaura, misin ya tafi, amma allurar ba ta zauna daram ba, kuma ina jin sauran girgiza a kujera. A nan ne mai gaggawa zai karɓi kuɗinsa ya sallame ni, shi kuwa ya koma kan na'ura. Ya nuna mini cewa a silo kwamfutar motar tana ƙara fetur da kashi 14 cikin ɗari, idan kuma aka taka totur ƙarin sai ya sauka kusan sifili. Ma'anar haka, in ji shi, akwai iskar da ke shiga inji ta ɓarauniyar hanya ba tare da ma'aunin iska ya ƙirga ta ba, kuma tasirinta ya fi fitowa a silo saboda a lokacin iskar da inji ke sha kaɗan ce. Ya bi robobin ɗaya bayan ɗaya har ya samu tsagewa a ƙasan babbar robar da ta haɗa gidan matatar iska da maƙogwaron totur, wurin da ido ba ya gani sai an lanƙwasa ta. Maƙogwaron kansa ya yi baƙi da ƙurar hunturu da tururin baƙin mai, aka wanke shi. Daga ƙarshe ya sa ƙarfe ya ɗaga injin kaɗan, sai ga injin sit na hagu, wato robar da inji ke zaune a kanta, ya rabu gida biyu, abin da ban yi mamakinsa ba idan na tuna ramukan hanyar Pambeguwa da nauyin buhunan da take ɗauka. Ashe cuta uku ce ta haɗu ta fito da alama ɗaya.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya san su. Na isa da ƙarfe tara na safe, ba a taɓa motar ba sai bayan azahar, domin mai garejin ne kaɗai ya iya karanta na'urar, yaransa kuwa jiransa suke yi. Ba sa ajiye kayan gyara, sai da na hau Keke Napep sau uku zuwa kasuwa, na ukun saboda injin sit ɗin da na fara kawowa bai dace ba. Ba a kuma ba ni sakamakon binciken a rubuce ba, da wayata na ɗauki hoton lambobin. Wannan na ƙarshe ya fi damuna, domin mai mota yana da haƙƙin ya riƙe tarihin abin da aka gani a motarsa.

Kuɗin binciken kansa bai kai na koyil ɗaya ba, kuma an faɗa mini shi tun kafin a jona na'ura. Yau mako uku ke nan, na je Saminaka sau huɗu da kaya, allurar tana zaune a kan 700 ko da na'urar sanyaya mota tana aiki, fitilar kuma ba ta sake kamawa ba. Mai garejin ya ce injin sit na dama ma ya fara tsagewa, don haka can zan mayar da ita kafin damina ta sauka, amma wannan karon da asuba zan kama layi, da kayan a hannuna.