Aiki a babban kamfanin mai da iskar gas: abin yabo da abin gyara

Na yi aiki a sashen gyaran injuna na wani babban kamfanin mai da iskar gas, kuma abin da ya fi cancantar yabo a wurinsa shi ne yadda yake kiyaye rayukan ma'aikata. Ba a kwance bututu sai da takardar izinin aiki mai ɗauke da sa hannun shugaban sashe, kuma kafin makanike ya taɓa inji sai an kashe wuta, ya rufe makunnin da kwadonsa, ya jefa makullin a aljihu, ta yadda babu mai iya kunnawa sai shi ya dawo ya buɗe. Sabon shiga kan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, har sai an ba shi labarin Piper Alpha, dandalin haƙar mai da ya kama da wuta a Tekun Arewa, kusa da gaɓar Birtaniya, a 1988, inda mutum 167 suka rasu bayan masu aikin dare sun tayar da wani famfo ba tare da sanin cewa masu aikin rana sun cire masa bawul ɗin kariya ba. Saboda haka ba a miƙa aiki a tsaitsaye. Mai tashi da mai karɓa sai sun zauna sun bi takardun ɗaya bayan ɗaya.

Albashin ma'aikacin dindindin ba abin rainawa ba ne, ga alawus, ga inshorar lafiya da ta haɗa da iyali, ga fansho. Sai dai ana biyan kuɗin da jiki, domin a fagen haƙa awa 12 ake yi kullum na tsawon kwana 14 ko 28 a jere kafin a tafi hutu, kuma duk abin da ya faru a gida a tsakanin nan, ta waya mutum zai ji shi.

Inda nake da ja da kamfanin shi ne batun ma'aikatan kwantiragi, waɗanda su ne ke wanke tankuna, su yi walda, su hau ƙarafa, wato ayyukan da suka fi haɗari. A rubuce, kowa yana da ikon dakatar da aiki idan ya hango haɗari, kuma ana maimaita wannan a taron kowace safiya. Amma mutumin da kwantiraginsa zai ƙare nan da 'yan watanni, wanda kuma ya san ɗan kwangilar da ya kawo shi zai yi asara idan aiki ya tsaya, da wuya ya buɗe baki. Haka nan allon da ke ƙirga kwanakin da aka yi ba a ji rauni ba, tun da aka ɗaura masa lada, ya sa wanda ya yanke a yatsa yakan naɗe da tsumma ya sa safar hannu ya yi shiru, don kada ya janyo wa abokansa asara. Kuma lokacin da farashin gangar mai ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ma'aikatan kwantiragin aka fara sallama, alhali a hannunsu sanin injunan yake.

A ofis kuwa taro ya yi yawa, ƙarin girma yana tafiyar hawainiya, kuma mata ƙalilan ne ke kaiwa fagen aiki.

Ga injiniyan da ke neman horo mai inganci, ina ba da shawarar kamfanin ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin ya duba sunan da ke kan takardar ɗaukarsa aiki, na kamfanin ne ko na ɗan kwangila, ya kuma tambayi wanda zai biya kuɗin asibiti idan ya ji rauni a bakin aiki.