Chrome ta daina jera lambobin ƙofa a Windows: sharhina bayan na yi aiki da ita

A watan Agustan 2025 Google ya saki Chrome 139, kuma cikin gyare-gyaren da ta zo da su akwai wani da ba shi da maɓalli, ba shi da hoto, ba ya ma sanar da kansa: burauzar ta fara neman Windows ta riƙa ba ta lambobin ƙofa a warwatse maimakon a jere. Ni nake kula da kwamfutocin wani shago da muke buga takardu da cike fom-fom ta intanet, don haka duk sabuntawar da ta taɓa hanyar sadarwa sai na zuba mata ido, saboda ranar da shafin rajista ya ƙi buɗewa ni za a kira. Na yi watanni ina aiki da wannan sauyi, kuma hukuncina shi ne gyara ne mai kyau da ya kamata a ce an yi shi tuntuni, amma ɗan ƙaramin rami ya toshe, kuma da yawa daga cikinmu a nan ba za su ci cikakkiyar moriyarsa ba.

Kowace haɗuwa da kwamfuta ke yi da wata a intanet tana da adireshi biyu da ƙofa biyu. Ƙofofin lambobi ne kawai, daga 0 zuwa 65535. Ta ɓangaren sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, sananniya ce, 443 ga shafukan da adireshinsu ya fara da https, 80 ga masu http. Ta ɓangarenka kuwa ta aro ce: Windows ke zaɓo maka ita duk lokacin da za a buɗe sabuwar haɗuwa, in an gama a mayar. Tun daga Windows Vista ana ɗebo waɗannan lambobi ne daga 49152 zuwa 65535, wato guda 16,384. Wanda yake son ya gani da idonsa ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ya rubuta netsh int ipv4 show dynamicport tcp, zai ga inda suka fara da yawansu.

Matsalar ita ce Windows ta saba ba da su bi da bi, kuma sabar da kake magana da ita tana ganin lambar da ka zo da ita. Kamar takardar layi ce a banki. In ka ciro lamba 40, ka fita ka dawo ka sake cirowa ka ga 57, ka san mutum goma sha shida sun shigo a bayanka ko da ba ka ga fuskar kowa ba. Haka shafi mai mugun nufi zai yi: ya duba lambar ƙofarka, ya sa burauzarka ta buɗe wani shafin daban a wata taga, ya sake haɗuwa da kai ya duba sabuwar lambar. Tazarar da ke tsakani ita ce yawan haɗuwar da wancan shafin ya buɗe. Shafin da ka shiga da sunanka yakan jawo abubuwan da ba ya jawo wa baƙo, to daga ƙidayar nan kaɗai ana iya gane ko kana da asusu a can kuma kana ciki. Ba a saci kalmar sirrinka ba, ba a karanta saƙonka ba, amma an san wani abu game da kai wanda dokar burauza ta ce bai halatta shafi ya sani game da wani shafi ba.

Gwajin da na yi ba shi da wahala. Na buɗe shafuka da yawa, na rubuta netstat -ano, umarnin da ke jera haɗuwar da kwamfuta ta buɗe, na nemi layukan Chrome ta lambar aikinta. A kwamfutar da Windows 11 ɗinta ke sabunce, lambobin sun fito kamar an watsa tsaba, irin su 62817, 50133, 58940. A tsohuwar da ke kusurwa kuwa, wadda ta daɗe ba ta ga sabuntawa ba, suna nan suna bin juna: 51204, 51205, 51206. Wani abin lura, Chrome tana neman warwatsawar ne a kan kowace haɗuwa tata ta hanyar wani zaɓi na Windows mai suna SO_RANDOMIZE_PORT, ba tsarin kwamfutar gaba ɗaya ta sauya ba. Sauran manhajojin da ba su nemi haka ba suna nan yadda suke.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 2008 Dan Kaminsky ya bayyana wani rauni a tsarin DNS, wanda ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi, kuma maganin gaggawa da aka yi a duniya baki ɗaya shi ne warwatsa ƙofar da tambaya ke fita ta cikinta, don mai son cusa amsar ƙarya ya rasa inda zai nufa. A Janairun 2011 ƙungiyar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da takardar RFC 6056, wadda Michael Larsen da Fernando Gont suka rubuta, tana ba da hanyoyi daban-daban na zaɓen ƙofa ba tare da an iya hasashe ba. Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, da danginsa sun daɗe suna bin wannan hanya. Tambayar da ta fi jan hankalina ita ce me ya sa Chrome ta jira har 2025 a kan Windows, kuma amsar ce ta sa na ƙara ganin girman aikin.

Jerawa tana da amfaninta. In kana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, sai ka zagaye duka 16,384 kafin ka dawo kan wadda ka fara da ita. In kuwa caccanka kake yi, maimaici na zuwa da wuri fiye da yadda hankali zai ɗauka. Masu lissafi suna da misalin ranar haihuwa: mutum 23 kacal a ɗaki, yiwuwar biyu daga cikinsu su haɗa rana ta wuce rabi, duk da kwanakin shekara 365 ne. In ka ɗora lissafin a kan ƙofa 16,384, kusan zaɓi 150 ya isa yiwuwar maimaici ta kai rabi. Kuma maimaicin yana da illa, domin haɗuwar TCP, ƙa'idar da burauza ta saba magana da saba da ita, ba ta mutuwa nan take in an rufe ta. Ɓangare ɗaya yakan riƙe ta a wani hali da ake kira TIME_WAIT, daƙiƙa 60 a Linux, har minti huɗu a ƙa'idar asali, don ɓatattun saƙonni na tsohuwar haɗuwa kada su faɗa cikin sabuwa. In ka koma wa saba ɗaya da ƙofar da ba ta gama mantawa da ita ba, tana iya ƙin ka ko ta yi shiru, kai kuma ka ga shafi yana ta juyi. Wannan ne dalilin da Google ya kunna abin a sababbin Windows kaɗai, inda ba ya tsammanin wannan karo zai riƙa faruwa.

Nan ne na fi sa ido, domin shagonmu irin wurin da matsala za ta fara bayyana ne: kwamfutoci da yawa a bayan rauta ɗaya, duk suna dukan shafin rajista guda a lokaci guda, musamman makon rufe fom. Ban ga bambanci ba. Shafuka suna buɗewa yadda suka saba, saukar da fayil ba ta yanke ba, kiran bidiyo bai canja ba. Abin da ke rage haɗarin shi ne karon sai an haɗa adireshin saba ɗaya da ƙofa ɗaya yake zama karo, kuma burauzar zamani ba ta cika buɗe haɗuwa barkatai ba: shida ga kowane shafi a tsohuwar ƙa'idar HTTP/1.1, galibi ɗaya tak a HTTP/2 da ta biyo bayanta. Waɗanda zan ce su yi nasu gwajin su ne ofisoshin da duk zirga-zirgarsu ke bi ta furokzi guda, wato sabar da ke shiga tsakaninsu da intanet, tunda a wurinsu kowace haɗuwa adireshi ɗaya take nufa, da masu tsohuwar katangar tsaro da aka rubuta wa dokoki masu tsauri kan ƙofofin fita.

Sai batun iyakarsa, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga mai karatu a Kano ko Maraɗi. Yawancinmu da MiFi ko hosfot na waya muke hawa intanet, kuma kamfanonin layi sukan tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, suna sake rubuta lambar ƙofa kafin saƙo ya fita. Da na kwatanta lambar da netstat ya nuna mini da wadda wani shafin gwaji ya ce ya gani, a kan rautar shago sun zo ɗaya, a kan MiFi kuwa sun sha bamban. Wato a can na'urar kamfanin layi ce ke da ta cewa, ba Chrome ba. Ban da haka, gyaran TCP kaɗai ya shafa, alhali kaso mai yawa na YouTube da sauran shafukan Google yanzu ta wata ƙa'ida daban mai suna QUIC yake bi, wadda ke hawa kan UDP maimakon TCP.

Kuma kada wani ya ji an ce sirri ya ɗauka ya ɓace wa masu bibiya. Adireshinka na IP yana nan, kukis, ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka, suna nan, girman allonka da nau'in haruffan da ke kwamfutarka da sauran alamomin da ake haɗawa a gane na'ura duk suna nan. Haka kuma bai taɓa ɗaya matsalar ƙofofi ba, wato shafi ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin cikin kwamfutarka don ya ga me ke aiki, irin abin da aka gano shafin eBay yana yi a 2020. Wannan wani yaƙin ne daban.

Warwatsawar ma kanta sai an iya. Masu bincike uku na Jami'ar Hebrew da ke Ƙudus, Moshe Kol da Amit Klein da Yossi Gilad, sun nuna cewa sabuwar hanyar zaɓen ƙofa da Linux ya ɗauko daga RFC 6056 ɗin nan tana barin wata alama da shafi zai iya amfani da ita ya gane na'ura ko da ta canja burauza ko hanyar sadarwa. Sai da aka gyara ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin, a 2022.  Na kawo labarin ne don duk wanda ya ce mini an warwatsa lambobi an gama, zan tambaye shi da wace hanya.

Abin da na fi so a gyaran shi ne ba ya neman komai daga mai amfani. Kwastoman da ya zo cike fom ba zai taɓa shiga saiti ya kunna wani abu ba, kariyar da ba ta zo a kunne ba kuwa ba ta kai gare shi. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda aka bari a baya. Chrome 109 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7 da 8.1, tun farkon 2023, kuma irin waɗannan injina cike suke a shaguna da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi. Windows 10 ma Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Mai irin wannan kwamfuta yana da ramuka da suka fi na lambar ƙofa girma nesa ba kusa ba.

Ga mai sabuwar Windows, ya rubuta chrome://version a wurin adireshi ya tabbatar lambar ta kai 139 ko ta wuce, sannan in yana da sha'awa ya yi gwajin netstat ɗin nan. Mai kula da kwamfutocin ofis kuma, in bayan sabuntawa ya fara ganin shafuka suna jinkiri jefi-jefi a kan furokzi ko tsohuwar rauta, ya sa maimaicin ƙofa cikin abubuwan da zai bincika, ya fara da duba tsawon lokacin da na'urar ke riƙe rufaffiyar haɗuwa a teburinta.