Fetur mai lamba 98 da maganar da ta tsaya mini a rai a Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar aikin da nake yi a Jamus, direba nake a wani kamfani da ke kai wa masu saye motocinsu har ƙofar gida. Kwanakin baya aka ba ni Porsche 911 in ɗauka daga Stuttgart zuwa Hamburg. Kafin in tashi, shugaban sashenmu ya buɗe murfin tanki, ya ɗora yatsa kan 'yar takardar da ke manne a ciki, ya ce mini a bainar jama'a: "98 za ka zuba. Nan ba ƙasarku ba ce da ake ɗura wa mota duk abin da aka samu." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san man da ya dace da motar tun kafin ya buɗe baki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, na yi tafiyar fiye da kilomita 600 ina neman amsar da zan ba shi, ban samu wadda za ta ƙaryata shi ba.

A gidan mai na nan, fetur kaɗai kala uku ne aƙalla: Super E10 da Super E5, duka masu lamba 95, sai Super Plus mai 98. Gidajen man kamfanin Aral ma na sayar da mai 102. Lambar tana nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da wuta da kansa. Injin motar tsere, musamman mai turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin), yana matse mai da iska sosai. Idan man bai da juriya, wani ɓangarensa sai ya fashe ba a kan ƙa'ida ba, ka ji ƙwas-ƙwas a injin, fistan na shan duka. Motocin yanzu suna da na'urar da ke jin wannan ƙarar, sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin filogi don kare injin. Motar za ta tafi, amma ƙarfin da aka biya maƙudan kuɗi dominsa ya ragu, kuma ta fi shan mai. A Autobahn, wato babbar hanyar Jamus, inda babu iyakar gudu a wasu wurare, nan ake gane haka idan aka taka totur.

Don haka a wurina babu gardama. Idan kamfani ya rubuta 98 a murfin tanki, 98 ɗin za a zuba. Wanda ya iya sayen doki ai bai kamata ya yi ƙyashin dawa ba. Idan kuwa 95 aka rubuta, zuba 98 ɓarnar kuɗi ce, don injin bai da abin da zai yi da ragowar juriyar. Masu sayo mota daga Amurka su lura, lissafinsu daban ne: 91 ɗinsu shi ne kusan 95 na Turai, 87 ɗinsu kuma ƙasa da haka yake.

Kar ku ɗauka komai daɗi ne a nan. Cikin sanyin da ke daskarar da yatsu kai za ka fito ka riƙe tiyo da kanka, ka shiga ka biya, babu mai ce maka sannu da hanya. Gidajen man kan babbar hanya kuwa yankan kai suke yi. Sau da yawa ina kewar yaran gidan mai na gida, da gaisuwarsu da barkwancinsu. Sai dai a nan Jamus, a jikin kowane famfo akwai tambarin hukumar awo, wadda ke dubawa duk shekara biyu. Lita lita ce, 98 kuma 98 ce.

Mu fa? Mutum ya kashe dukiya ya shigo da mota mai turbo don a ce wane ya yi sabuwar mota, ko sau ɗaya bai leƙa littafinta ba. Layi ya yi tsawo, sai ya tsaya wajen 'yan bumburutu a zuba masa daga jarkar da ta yini a rana, Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya. Injin ya buga, a ce motar ce ba ta da aminci, ko a ɗora wa bakanike laifi. Ba mu manta gurɓataccen man da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022 ba, da motocin bayin Allah da ya kashe.

Ƙannena masu turo mini hotunan motocin da kuke son in duba muku, don Allah ku fara tambayar kanku man da za ku riƙa zuba mata, da inda za ku same shi tsarkakakke. Idan babu, ku bari in nemo muku wadda injinta ba shi da tsirfa.