Kwamfutar tebur a cikin akwatin ƙarfe: abin da ya yi kyau da abin da ya ba da wahala

Akwatin da ake magana irin na 'yan makarantar kwana ne, amma ƙarami: tsawo santimita 40, faɗi 28, zurfi 15. Wani mai walda a kasuwar Panteka da ke Kaduna ne ya yanka shi ya huda. A ciki akwai madabod (babban allon da ake haɗa sauran kayan kwamfuta a kansa) irin na Mini-ITX mai santimita 17 kowane gefe, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600G, RAM 16GB, ma'ajiyar bayanai ta SSD irin ta M.2, da fawa-fak (na'urar da ke ba kayan ciki wuta) ƙarami na SFX. Babu katin hoto (wanda ke sarrafa hoton da ke fita a sikirin) daban, furosesar tana da nata a ciki, kuma wannan ne ya sa aikin ya yiwu ba tare da cunkoso ba.

Hukuncina: kwamfutar tana aiki lafiya, tana da sauƙin ɗauka saboda hannun akwatin, amma kwanon da ake yin waɗannan akwatuna da shi ya cika siriri. Da fanka ta tashi sai jikin ya kama kaɗawa yana ƙara. Maganin shi ne a shimfiɗa farantin alminiyam mai kaurin milimita 2 a ƙasan, a ɗaure komai a kansa, a sa roba tsakanin fanka da jikin akwati.

Wurin ɗaura madabod ne ya fi buƙatar natsuwa. Kada a ba mai walda awo da baki. A ɗora madabod a kan kwali, a yi alamar ramuka huɗun da ake ɗaure shi ta cikinsu da fensir, a kai masa kwalin, allon kuwa ya zauna a gida. Dole ya hau kan ƙafafun tagulla masu tsayin kusan milimita 6. Idan bayansa ya taɓa ƙarfe, wuta ta haɗe, an yi asarar allo. Tagar baya, inda ake sa USB da HDMI, tana son milimita 159 da 44.5. A nan aikin da aka yi ya ɗan kauce, giranda ta ci fiye da kima, sai da aka cike gefen da guntun alminiyam. Bayan yanka a goge bakin da fayil, a share ɓarɓashin ƙarfe da maganaɗisu, domin ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe madabod.

Iska kuwa, fanka biyu masu milimita 120: ɗaya tana shigarwa ta gefe, ɗaya tana fitarwa ta murfi. Mai shigarwa ta ɗan fi gudu, kuma a rufe bakinta da raga mai laushi, ta yadda iska za ta riƙa fita ta sauran kafofin maimakon ƙura ta shiga. Da hunturu ragar tana toshewa da wuri, a wanke ta duk mako. A zafin Maris da Afirilu, cikin ɗaki marar AC, furosesar tana kai wajen digiri 80 idan ana tace bidiyo, iyakarta kuwa 95 ce. Ba laifi.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba shi da ita, to jikin akwati sai ya riƙa ɗan jan hannu. A kankare fenti inda fawa-fak ke haɗuwa da jikin akwatin, a kira mai gyaran wuta ya duba soket, sannan a haɗa da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci) saboda ɗauke-ɗauken NEPA. Eriyar Wi-Fi ma ta fito waje, ƙarfe yana tare sigina.

Mai son ƙara dogon katin hoto nan gaba, wannan akwati ba nasa ba ne, ya nemi mai tsawon santimita 50 tun farko.