Fita da Iyali a Sakkwato: Kantin Zamani, Kasuwa ko Bakin Mai Tsire?

Ƙanwar uwargidana ta zo mana hutu daga Kano. Kwana biyu da saukarta, muna zaune a tsakar gida, sai ta ce mini, "Yaya, wai ina ne Ado Bayero Mall ɗinku a garin nan?" Na gane abin da take nema: wuri guda da mutum zai shiga ya ci abinci, ya yi sayayya, yara su yi wasa, ba tare da ya sake tare abin hawa ba. Kanawa sun samu nasu tun 2014 a titin gidan Zoo. Namu na Birnin Shehu ba su kai wancan girma ba. Abin da muke da shi manyan kantuna ne da filaza, inda ake haɗa wurin sayayya da ɗakin cin abinci da gashin burodi, wasu kuma har da ɗan filin lilo. Tambayar tata ce ta sa na zauna na auna su da Babbar Kasuwa da kuma masu nama na dare, domin kuɗin fita ɗaya ne mutum ke da shi a aljihu.

Mu fara da kantin zamanin, tunda shi ne ke ɗaukar ido. Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a Sakkwato ya san zafi na haura digiri 40, kwalta har laushi take yi. To abin da ake sayar maka a irin wannan wuri, kafin shinkafa da kaza, sanyi ne da kujera da bandaki mai tsabta. Na'urar sanyaya ɗaki na cin wuta, in an ɗauke wuta janareta na shan dizal, kuma duk wannan a farantinka ake lissafa shi. Ban ga laifinsu ba. Amma ka san abin da ka biya, don kada ka fito kana cewa dafa-dukan gida ta fi tasu daɗi. Ta fi ɗin, ai ba ita ka je saye ba.

Saboda haka in ka shiga, kada ka fara da duba abinci. Tsaya ka ji ko sanyin na gaske ne, ko kuwa na'urar ado ce a bango, fanka ke ta faman kaɗa iska mai zafi. Ka tura uwargida ta leƙa bandakin mata. Ka tambayi wurin alwala da sallah, domin fitar la'asar ba ta ƙarewa sai magariba ta riske ku, kuma babu abin da ya kai neman buta da yara huɗu a hannu wahala. In waɗannan ukun sun yi, wurin ya ci rabin kuɗinsa.

Sai abincin. Yawancinsu tun da hantsi ake dafa shi a zuba cikin tasoshin da ke bayan gilashi ana ɗumamawa. Wanda ya zo da azahar ya dace. Wanda ya zo bayan isha'i, sau da yawa ragowar rana zai ci. Ba kunya ba ce ka ce, "Malam, wannan yaushe aka sauke ta?" Abin da na fi yi wa kaffa-kaffa shi ne shawarma da haɗin kabeji, don mayonis da ke cikinsu ba ya jure zafinmu. Askirim kuma ka dubi jikinsa: in ka ga ƙanƙara ta yi masa tsatsa-tsatsa, ya narke ne aka sake daskarar da shi. Na taɓa saya wa yarana irinsa a wani wuri da ba zan faɗa ba, daren nan ba wanda ya runtsa a gidanmu.

Wajen biya ma akwai abin lura. Tun Fabrairun 2020 harajin VAT ya koma kashi 7.5 cikin ɗari, kuma wasu manyan wuraren ba sa haɗa shi a farashin da ke kan allo, sai a rasit za ka gan shi. A cin naira dubu goma, naira 750 ke nan. Ka tambaya tun kafin a zuba. Ka kuma riƙe ɗan tsabar kuɗi ko da kana da kati, don ranar da sabis ya ƙi, taransifa kan maƙale ka tsaya gaban mai karɓar kuɗi kamar wanda aka kama da laifi. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta koya mana biya da waya, amma ba ta gyara mana sabis ba.

Filin wasan yara shi ne ramin da kuɗi ke zurarewa. Kowane zagaye da kuɗinsa, yaro kuwa bai san "ya isa" ba. Ni tun daga gida muke yanke magana: kowa zagaye biyu. Ka taɓa ƙarfen lilon da hannunka kafin ka ɗora yaro, musamman in a fili yake, don ƙarfen da ya wuni a ranar Sakkwato na iya ƙona fata. Ka kuma duba ko akwai mai kula da su a tsaye, ba wanda ya duƙufa kan waya ba.

A ɓangaren sayayya, kantin zamani ya fi dacewa da kayan da ake tsoron jabunsu: madarar jarirai, kunzugun yara, man shafawa, sabulu. Farashi a rubuce yake, ba taya ba "albarka", kana iya juya gwangwani ka karanta lambar NAFDAC da ranar lalacewa ba mai hararar ka. Amma ɗan Sakkwato ya sayi albasa cikin leda a kanti? Garin da ake loda tireloli da ita zuwa Kudu? Wannan kam asara ce da gangan.

Nan kasuwa ke da bakin magana. Babbar Kasuwa, duk da gobarar da ta ci wani babban sashe nata a Janairun 2021, har gobe ita ce uwa wajen atamfa, shadda, takalma da kayan lefe. Hatsi da dabbobi kuwa a nufi Kara. Mai neman tsarabar da za a ce lallai daga Sakkwato ta fito, ya nemi aikin dukawa, jaka ko takalmi ko timtim na fatar jar akuyar nan tamu da ta yi suna tun zamanin fatake masu ƙetare Sahara. A kasuwa kuɗinka na da daraja in ka iya ciniki. Ka ce "Nawa na?", a faɗa, ka taya, a ce albarka, ka yi kamar za ka wuce, a kira ka. Ga hura da nono mai sanyi a ƙwarya, ga waina da zafinta. Sai dai kasuwa ba wurin hutu ba ce. Ba kujera, ga turereniya, ga 'yan kabu-kabu na kutsawa. Wanda ya ja ƙananan yara can da tsakar rana, shi da su duk za su dawo a fusace. A je da safe, manya kawai, a gama kafin rana ta take.

Mai tsire kuma nasa lokacin bayan magariba ne, kuma a gaskiya wajen daɗi babu ɗakin sanyin da ke kama ƙafarsa. Ka zaɓi wanda mutane ke tsaye a gabansa, don naman da ke tafiya ba ya kwana. Ka nuna tsinken da kake so a mayar maka da shi kan wuta kana gani. Balangu ya fi ƙosarwa in ku da yawa ne, kilishi kuma na tafiya ne, shi ake ƙulla wa baƙo. In za a naɗe maka, ka ce a sa takarda marar rubutu, tawadar jarida ba abin ci ba ce. Aibinsa ɗaya ne: wurin tsayuwar maza ne, ba inda za ka zaunar da iyali. Saye ake a kai gida.

Lokacin shekara ma na sauya lissafin. Da hunturu, Disamba zuwa Janairu, sanyin da kantin zamani ke sayarwa kyauta ne a waje, sai dai ƙura. Ranar Sallah da kashegarinta kuwa kada ma ka soma, sai ka yi layi kafin ka samu kujera. Bari sai rana ta uku ko ta huɗu. In kuma baƙonka mai son gani ne ba mai son ci ba, Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu sun fi kowane lilo.

Da ƙanwar tamu dai raba abin muka yi gida uku. Ranar Asabar da safe ita da yayarta suka shiga Babbar Kasuwa, ta dawo da atamfa biyu da jakar fata tana ta mamakin sauƙinsu. Da la'asar muka kwashi yara a keke napep zuwa wani kanti mai ɗakin cin abinci, kowa ya sha lemo da ɗan abin taɓawa, aka yi lilo zagaye biyu, ban bari an yi odar shinkafa ba. A hanyar dawowa na sa mai keken ya tsaya, na sauka na sayo balangu. A kan tabarma muka ci shi a tsakar gida, da yaji da albasa. Tana suɗe yatsa ta ce, "Yaya, ranar da zan koma a ƙullo mini kilishin mutumin nan."