Wasiƙa daga Ingila game da faya-fayan da Baba ya bari a Jos

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da Hajiya da yara da sauran mutanen Unguwar Rogo, na ga saƙonka game da akwatin faya-fayan marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, da shawarar da yara suka kawo cewa a kai su shagon masu tura waƙa a juye cikin memori a huta. Ina roƙon a dakata tukuna, domin wata huɗu ke nan ina wannan aiki a nan Manchesta a kan faya-fayai 140 da na taho da su, kuma na ga inda Turai ta fi mu, na ga inda muka fi ta.

Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi a 1982, darajarsa ta faɗi warwas a nan. A shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji ana sayar da shi fam ɗaya ko ƙasa da haka, domin jama'a sun koma sauraro ta intanet. Bature yana iya rabuwa da faifansa hankali kwance, tun da ainihin ɗaukar tana ajiye a hannun kamfanin da ya buga ta, kuma gobe zai same ta a wayarsa. Mu ba haka lamarinmu yake ba. Gaskiya ne Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma Boomplay da Audiomack suna cike da waƙoƙin zamani, amma da na bi waƙoƙin fada da na noma da kiɗan bukukuwa da Baba ya tara ina nema ɗaya bayan ɗaya, kaɗan ƙwarai na samu. Wasu ma ba mamaki kwafin da ke cikin akwatin nan shi kaɗai ya rage.

Ta fuskar kayan aiki kam, nan ta fi sauƙi. Kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wurin sa faifai, don haka na sayi ƙaramar na'urar karanta faifai da ake jonawa ta USB a kan kusan fam 20. Dokar ƙasar nan ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin ko da kayan lafiyarsa ƙalau, wanda kuma ya tarar da aibi yana da kwana 30 ya mayar a ba shi kuɗinsa. Ka tuna memorin da na saya kusa da Taminus a zuwana na ƙarshe, wanda aka rubuta gigabayit 64 a jikinsa, amma da aka wuce takwas sai waƙoƙin da ke ciki suka fara ƙin buɗewa, mai shago kuma ya ce wayata ce ke da matsala. Irin wannan jabun yana yawo a kasuwannin intanet na nan ma, bambancin kawai shi ne a nan kuɗinka yana dawowa. Akwai manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika memori baki ɗaya ta karanto shi don ta tona ainihin girmansa, kuma kada a zuba komai a cikin sabon memori kafin a gwada shi da ita.

Babban dalilin da ya sa na ce a dakata shi ne tsarin da za a juye sautin a cikinsa. Faifai ɗaya yana ɗaukar kusan minti 80, wato kusan megabayit 800 na sauti, kowane minti yana cin kusan megabayit goma. Tsarin MP3, wanda akasarin aikinsa aka yi a cibiyar Fraunhofer ta Jamus, yana rage wannan nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, har minti ɗaya ya koma megabayit ɗaya. Abin da aka zubar ba ya dawowa. Masu tura waƙa sukan matse sauti sosai domin waƙa ɗari biyar ta shiga ƙaramin memori, kuma ban ga laifinsu ba, abin da masu saye ke so ke nan. Tsarin FLAC kuwa, wanda ya fito a 2001, yana rage nauyin zuwa wajen rabi ba tare da ya yar da komai ba. A lasifikar waya ba za ka ji bambanci ba, amma da na saurari wani kiɗan kalangu da kukuma ta abin sawa a kunne, na ji yadda kaifin kukumar ya dushe a matsattsen kwafin. Shawarata ita ce a ajiye uwar, wato kwafin farko, a FLAC, daga jikinta a riƙa ciro MP3 don waya da mota. Sai dai faifan da ka ga yana ɗauke da waƙa ɗari ko fiye, tun asali MP3 ne a cikinsa, kwafe shi kawai za a yi yadda yake, mayar da shi FLAC ɓata wuri ne.

Manhajar da nake aiki da ita ita ce Exact Audio Copy, wadda takan maimaita karanta wurin da ya ƙarce har sai ta gamsu. Idan na sa faifan Turawa, kafin in kurɓi shayi sunan mawaƙi da sunayen waƙoƙi da shekara sun bayyana, domin akwai rumbunan bayanai irin su MusicBrainz da Gracenote da ke gane faifai daga yawan waƙoƙinsa da tsawon kowace. Idan na sa na Baba, sai lamba ɗaya, lamba biyu, har ƙarshe. Na tambayi wani kamfani da ke yi wa mutane wannan aiki da kuɗi, suka ce za su juye kowane faifai tsaf, amma wanda rumbun bai san shi ba haka za su dawo da shi babu suna. A nan ne gida ya yi wa Turai fintinkau. Kawu yana jin tashin kiɗa zai faɗa maka wane ne mawaƙin, wa aka yi wa waƙar, a wane naɗi ko biki, wani lokaci har da sunan 'yan amshi. Wannan sani ba ya cikin kowace kwamfuta, kuma Kawu ya haura saba'in. Ina so a zaunar da ɗaya daga cikin yara kusa da shi da littafi, ana kunna faifai yana faɗa ana rubutawa. Wajen sa sunan fayil kuma a yi amfani da haruffa marasa lanƙwasa, domin rediyon mota da yawa ba ya nuna ɗ da ƙ da ɓ daidai, a bar cikakken rubutun Hausa a cikin littafin.

A fara da faya-fayan da suka fi shiga haɗari. Juya faifai ka dubi bayansa: idan fari ne kamar azurfa, galibi na kamfani ne da aka buga, yana da juriya, idan kuwa yana da ɗan kore ko shuɗi, wanda aka ƙona a kwamfuta ne, kuma sinadarin da ke riƙe da sautinsa yana koɗewa da zafi da hasken rana. Sanyin Jos ya taimake mu, amma ƙurar hunturu tana ƙarce faifai idan aka goge shi da bakin riga. Da ƙyalle mai laushi ake gogewa, daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, kuma a kiyaye fuskar da ke da rubutu, domin sautin ya fi kusa da ita, ƙarcewarta ta fi ta baya muni. Cikin nawa guda 11 sun ƙi karantuwa, duk ƙonannu ne.

Kaset-kaset kuwa a gida ya kamata a yi su. Kaset mai minti 90 sai ya cinye minti 90 ɗinsa cur, ana jona rikoda da kwamfuta ana ɗauka da manhajar Audacity. A nan kuɗin gyaran tsohuwar rikoda ya kan fi kuɗin sayenta, alhali mai gyaran rediyo a Dilimi zai sauya mata robar da ke juya kaset kana tsaye.

Wani abin mamaki shi ne a Ingila doka ba ta sakar wa mutum mara ya kwafi faifan da ya saya da kuɗinsa ba, domin izinin da gwamnati ta bayar a 2014 babbar kotu ta soke shi a 2015, alhali a Jamus an yarda da kwafi don amfanin kai. Mu dai namu na gida ne, kada wani yaro ya ɗauka ya kai shago ana sayarwa, mawaƙan nan suna da magada.

Game da ajiya, memori da filashi ba wurin dogaro ba ne, suna ɓata kuma suna mutuwa ba sallama. Ƙa'idar da ake bi ita ce kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. Rumbun ajiya mai terabayit ɗaya yana ɗaukar faifai sama da dubu biyu a FLAC, wato ya ishe mu har da ragi. Ajiya a intanet tana da sauƙi a nan saboda layin gida ba a ƙidaya masa data, amma Google gigabayit 15 kawai yake bayarwa kyauta, kuma ɗora ɗaruruwan gigabayit daga Jos zai cinye kuɗin data mai yawa. Saboda haka na sayi rumbu biyu da na'urar karanta faifai, zan ba mai tahowa Abuja a watan gobe ya damƙa wa ƙanwarmu. A yi aikin da kwamfutar da batirinta ke da ƙarfi saboda ɗaukewar wuta, idan an gama rumbu ɗaya ya zauna a wurinka, ɗaya ya koma Abuja, ni kuma in kwafi na uku idan na zo babbar salla. Faya-fayan a mayar da su cikin kwansonsu a jera su a tsaye a ɗakin Hajiya, nesa da taga. A gaida Kawu, a faɗa masa aiki yana jiransa.