Janye soja, ƙaro soja ko sulhu: wace haja za ka saya da ƙuri'arka?

Duk sa'ad da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, 'yan takara kan baje haja iri uku game da yaƙi. Wani ya ce zai janye soja a huta da zubar da jini, wani ya ce zai ƙaro soja da jirage a yi ta ta ƙare, wani kuma ya ce sulhu za a yi. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Tangaza a jihar Sakkwato, da 'yan bindiga suka addaba, su ne za su kwana da sakamakon zaɓin, kuma ba a cinikin biri a sama. Bari mu sauko da kowace mu duba.

Ta farko ta fi daɗin ji, domin tana zuwa da ranar da za a janye. A zaɓen Amurka na 2008 Barack Obama ya yi alƙawarin kwashe sojojin yaƙi daga Iraƙi cikin wata 16, John McCain kuwa ya ce sa rana tamkar gaya wa abokin gaba ne ya yi haƙuri ya jira. Obama ya ci, sojan ƙarshe ya fita a Disambar 2011, amma a Yunin 2014 'yan IS suka kame Mosul, jiragen Amurka suka dawo. Haka Afganistan: gwamnatin Trump ta sa hannu da Taliban a Doha a Fabrairun 2020, Biden ya cika alƙawarin, Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agusta 2021 tun Amurkawa ba su gama kwashe kayansu ba. Su dai suna da gidan komawa bayan teku. Sojanmu idan ya bar ƙauye a gabashin Sakkwato, ɗan'uwansa ya bari. Kowa ya san yadda ake yi: da yamma a ga motocin soja sun ɗaga, kafin sallar isha'i mata sun ɗaure kaya sun nufi Gidan Runji ta Nijar, ba su jira an ce musu komai ba. Wanda ya ce maka zai janye, tambaye shi wa zai kwana a wurin ranar da aka janye.

Ta biyu ita ce ta fi kasuwa a wurinmu. A zaɓenmu na 2023 manyan 'yan takara duk ƙarin jami'an tsaro da makamai suka yi alƙawari. Ƙarfi yana aiki, ban musa ba. A 2007 Bush ya ƙara soja wajen 30,000 a Iraƙi, kashe-kashe suka ragu sosai. Sai dai abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙabilun lardin Anbar na Iraƙi ne suka juya wa Alƙa'ida baya, ana biyansu albashi, da gwamnatin Bagadaza ta yi watsi da yawancinsu sai wutar ta sake kamawa. Mu ma mun ɗanɗana ƙarfi tsagwaronsa a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwanni a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato. Wata guda bayan nan 'yan bindiga suka yi kisan gilla a kasuwar Goronyo. Runduna ta 8 ta sojan ƙasa tana nan cikin garin Sakkwato, amma daji yana da faɗi, kuma iyakar Nijar a buɗe take, ta nan 'yan ta'addan Lakurawa suka samu gindin zama a Tangaza da Gudu.

Sulhu kuwa, a nan ake yawan cutar mai saye. Masu tallarsa kan kawo afuwar marigayi 'Yar'aduwa ta 2009 a Neja Delta, inda tsageru suka ajiye makamai ana ba su naira 65,000 duk wata, aka kai wasu karatu. Waccan ta yi tasiri saboda akwai shugabannin da ake jin maganarsu, akwai kuɗin mai da ya ɗauki nauyi. A nan daba-daba ce, ka shirya da wannan kachalla, na gaba da shi bai san zancen ba. Tsohon gwamna Masari ya gwada a Katsina har sau biyu ya ce ba zai ƙara ba, tsohon gwamna Matawalle ya gwada a Zamfara a 2019 ya koma ga ƙarfi. Sulhun da ake barin bindiga a kafaɗar mai ita, manomi kuma yana biyan haraji kafin ya girbe geronsa, ni ba na kiransa sulhu.

Idan ni ne, ƙuri'ata tana ga wanda ya haɗa ta biyu da wani yanki na ta uku, da sharaɗi. Ya faɗi wa zai riƙe gari bayan soja sun share daji, 'yan sanda ne ko askarawan jiha, wa zai biya su, wa zai hukunta su idan suka zalunci Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba, domin irin wannan zalunci na 'yan sa-kai yana cikin abin da ya hura wutar tun farko. Ya faɗi yadda zai daidaita da Yamai kan sintirin iyaka, da abin da zai yi wa burtali da mashaya. Idan 'yan kamfen ɗinsa suka zo unguwarku, ku nemi amsar waɗannan a rubuce cikin takardar manufofinsa, ku ajiye ta har shekara huɗu.